WUTAR DA TA FI ƘARFIN MURHUNTA

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a ƙasar Isa, na ya da zango a Turba. Da la'asar sakaliya ina zaune a maƙera tare da wani malamin makaranta, muna kallon maƙeri yana gyaran garma, sai wani jirgin sama ya gifta can ƙololuwa, ya bar farin layi a bayansa. Yaron da ke zuga, ɗan aji shida ne, ya ɗaga kai ya dube shi, sa'an nan ya ce, "Malam, an ce wuta ce ke tafiyar da jirgin nan, an kuma ce ta fi tamu zafi. To, ga tamu tana lausasa ƙarfe kamar nakiya, yaya aka yi nasu ƙarfen ba ya narkewa?" Malam ya ce masa ai ƙarfen Turawa ne, ba ya jin wuta. Yaro ya yi shiru, ya ci gaba da zuga.

Wannan amsa ba daidai ba ce, ko da ya ke ban ga laifin malamin ba, don abin da ba a koya wa mutum ba ba shi da yadda zai koyar da shi. Babu ƙarfen da ba ya jin wuta. Gaskiyar magana ita ce wutar da ke cikin injin nan ta isa ta narkar da bangon da ya kewaye ta, dabara ce kawai ke hana ta. Wannan dabara na ke so in bayyana wa malamai da akawuna, domin rayukan alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III a Sakkwato suna rataye da ita, haka kuma yawancin wutar lantarkin da ƙasar nan ke samu.

MAƘERA MAI GUDU

Injin da mu ke magana a kansa shi a ke kira tabain. Wanda duk ya san maƙera ya san rabinsa, gama sassansa uku ne. Na farko shi ne zugazugi, watau jerin farfeloli da ke zuƙo iska suna matse ta. Na biyu murhu ne, inda a ke fesa mai cikin matsattsiyar iskar nan ya kama da wuta. Na uku wasu farfeloli ne a bayan murhu, waɗanda hucin wutar ke bugawa suna juyawa, su kuma su juya zugazugin na gaba, don sanda guda ta haɗa su. Ƙarfin da ya rage, in jirgi ne sai ya tura shi gaba, in kuwa tashar lantarki ce sai ya juya janareta.

Ba jiya aka fara abin ba. Cikin 1930 wani hafsan mayaƙan sama na Ingila, Frank Whittle, ya yi rajistar dabararsa, injinsa na farko kuwa ya tashi cikin 1937. Jamusawa suka riga shi hawa sama, gama jirgin da ke ɗauke da injin Hans von Ohain ya tashi ran 27 ga Agusta 1939, na Whittle kuwa sai ran 15 ga Mayu 1941. Cikin 1939 ɗin nan ne kuma aka kafa injin tabain na farko mai ba jama'a lantarki a garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan, mai ƙarfin megawat 4. Abin da ya fi ba Whittle wahala a shekarun farko shi ne murhu. Wuta takan ƙi tsayawa inda a ke so, bango ya yi ja, ya lanƙwashe, ya tsage.

Ga lissafin da ya sa haka. A tsakiyar murhu zafi yakan kai wajen digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas. Masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwanninmu digiri 660 ya ishe su. Tsantsar baƙin ƙarfe yana narkewa a 1,538. Bangon murhun tabain kuwa da gamin ƙarfen nikel a ke yinsa, wanda ke narkewa tsakanin 1,300 da 1,400, kuma tun kafin ya kai can ya riga ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa. Saboda haka masu ƙira ba su son ya wuce wajen digiri 900. Kaurinsa bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Ke nan tsakanin wuta da bangonta akwai ratar digiri fiye da dubu da za a tsare, ba na minti ɗaya ba, na dubban sa'o'i.

HANYOYI UKU DA ZAFI KE BI

Kafin a tare ɓarawo sai an san ƙofar da ya ke shigowa. Zafi ta ƙofa uku ya ke bi, dukansu kuwa akwai su a maƙerar Turba.

Ta farko ita ce ratsa jiki. In maƙeri ya bar bakin awartaki cikin garwashi, jim kaɗan mariƙin zai gagare shi riƙewa. Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri, ƙasa da yumɓu kuwa a hankali, shi ya sa ɗakin soro mai kaurin bango ya fi na kwano daɗin zama da bazara. Wani Bafaranshe, Joseph Fourier, shi ya tsara lissafin wannan cikin 1822.

Ta biyu ita ce ɗaukar da iska ko ruwa ke yi. Mai fifita kunu yana korar iskar da ta ɗumama a kan kwano ne, sabuwa ta zo ta ɗebi nata rabon. Gwargwadon gudun iska, gwargwadon zafin da ta ke kaiwa ko ta ke kwashewa. A cikin murhun tabain hucin wuta yana shafar bango da gudu, don haka yana ɗora masa zafi mai yawa.

Ta uku ita ce haskakawa, irin yadda mai jin ɗumi da hunturu ke jin wuta a fuskarsa ko da iska tana kaɗawa wani gefe. Wannan ita ce mai ban tsoro, domin ba ta ƙaruwa daidai wa daida. In an ƙidaya zafi tun daga ƙarshen sanyi, watau digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, to, in zafin abu ya ninka biyu, abin da ya ke haskakawa ya ninka goma sha shida. Josef Stefan ya gano haka cikin 1879. Har wa yau harshen wuta ja mai hayaƙi ya fi shuɗi haskaka zafi, saboda ƙananan ɓarɓashin baƙin hayaƙi da ke ci a cikinsa. Don haka injin da a ke ba mai mai nauyi bangonsa ya fi shan wuya bisa wanda a ke ba iskar gas.

RIGAR ISKA

To, da me za a sanyaya bangon? Jirgi ba zai ɗauki tafki ba. Abin da ke akwai kawai ita ce iskar da zugazugi ya matso. Ita ma kada a zaci sanyi gare ta, don matsi yana ɗumama iska, kamar yadda famfon keke ke yin ɗumi a hannu. A manyan injuna na yanzu, inda a ke matse ta ninki talatin ko arba'in, tana fitowa da zafin digiri 500 zuwa 600, watau ta isa ta narkar da dalma. Amma in aka gwada ta da 2,000, ai ta zama raɓa.

Wanda ke da risho mai lagwani a gida ya ciro bututun nan masu huji da ke kewaye da wutarsa ya duba, ya ga ɗan'uwan bangon murhun tabain. Murhun bango biyu ne, na waje mai kauri wanda ke riƙe matsi, da na ciki siriri mai huji wanda ke fuskantar wuta, iska kuwa tana gudu a tsakaninsu. Kananzir yana bukatar iska wajen ninki 15 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, amma injin yana haɗiyar ninki uku ko fiye da haka. A injuna irin na dā, kusan kashi 40 cikin ɗari na iskar da ke shiga murhu aikinta kawai tsaron bango, saura kuwa wata ta ciyar da wuta, wata ta surka hucin kafin ya isa farfelolin baya.

Dabara ta farko ita ce a yi wa bango riga da iska. A kan huda layin ƙananan ƙofofi kewaye da shi, da ɗan leɓe a kan kowane layi wanda ke kwantar da iskar ta bi jikin bango daga ciki, ta shiga tsakaninsa da wuta. Fitilar ƙwai haka ta ke yi: iska tana shigowa ta hujin gindi, ta hau tana shafar ƙwan, shi ya sa gilashi ke zama kusa da harshen wuta bai fashe ba. Aibin wannan riga shi ne ba ta da nisan zango. Da ta ɗan yi gaba sai ta gauraya da huci ta watse, dole a sake huda wani layi, ga shi kuwa tana cin iska da yawa.

Sai aka koma ga dabarar randa. Randa ba ta ƙofa guda ta ke fid da ruwa ba, ta ko'ina ta ke tsattsafowa. Haka aka riƙa huda bango da dubban ƙananan huji, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, a karkace, da hasken laser. Iska tana kwasar zafi yayin da ta ke ratsa hujin, in ta fito kuma ta kwanta ta zama riga wadda ba ta yankewa. An ƙara da wata dabarar, watau a sa wani bango mai huji a baya, iska ta riƙa tsartuwa ta cikinsa tana dukan bayan bangon da ke fuskantar wuta, kamar mai hura wa yaro ƙuna. Da haka iska guda ta yi aiki biyu, ta sanyaya baya, sa'an nan ta ratsa ta rufe gaba.

Akwai kuma yaɓe. Yadda maginiya ke yaɓe murhu da yumɓu, haka a ke fesa wa cikin bangon wani farin yumɓu da a ke kira zirkoniya, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Saboda ba ya miƙa zafi da sauri, yakan rage wa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa digiri hamsin zuwa ɗari, wani lokaci fiye. Amma a lura, yaɓe ba ya aiki sai akwai iska a baya tana kwashe abin da ya ratso. In babu ita, a hankali ƙarfe zai kamo zafin yaɓen.

Wasu masu ƙira kuma sun daina yin bango falle guda, sai su jera shi guntu guntu kamar tubali, kowane guntu da ɗan sararin da zai miƙe in ya ji zafi. Na baya bayan nan ma sun fara barin ƙarfe. Injin GE9X na kamfanin General Electric, wanda hukumar jiragen sama ta Amurka ta amince da shi cikin 2020, bangon murhunsa da wani irin tangaran mai zare a ciki aka yi shi, wanda ya fi nikel jure wuta, ya kuma fi shi sauƙin nauyi nesa ba kusa ba.

Mai karatu zai ce, to, me zai hana a yi ta ɗura iska kawai? Dalili shi ne gari guda ne a ke rabawa, in an ƙara wa kunu an rage wa tuwo. Wuta mai tsananin zafi tana haɗa iskar da mu ke shaƙa ta zama wani hayaƙi mai cutar da huhu, maganinsa kuwa shi ne a gauraya mai da iska mai yawa tun kafin ya kama, don harshen ya yi sanyi sanyi. Duk iskar da aka kai can an ɗebe ta ne daga rabon bango. Wannan ja in ja shi ne ainihin aikin mai tsara murhu a yau.

RANAR DA BANGO YA TSAGE

Ba narkewa kaɗai ke kashe bango ba. Kowa ya ga yadda ƙwan fitila mai zafi ke tsagewa in ɗigon ruwa ya faɗa masa, don wuri ɗaya ya tsuke, na kusa da shi bai tsuke ba. Bangon murhu yana miƙewa duk lokacin da aka ta da inji, ya tsuke in an kashe. Yau da gobe sai ƙarfe ya gaji, tsaga ta fara daga bakin huji, ta yi ta tafiya.

Ran 22 ga Agusta 1985 wani jirgi ƙirar Boeing 737 yana gudu zai tashi daga Manchester a Ingila, sai ɗaya daga cikin murahun injinsa na hagu ya fashe. Bincike ya nuna tsagar gajiya ce ta kewaye shi, kuma an taɓa yi masa walda a baya. Guntun da ya fita ya huda tankin mai na fiffike, wuta ta kama, mutum 55 suka rasu ko da ya ke jirgin bai bar ƙasa ba. Saboda irin wannan ne makanikai ke zura wani siririn madubi mai fitila cikin inji a kan ƙa'ida, suna duba bango huji huji. Alhajin da aka ce ya jira don ana duba jirgi, ya yi haƙuri, jiran ya fi masa alheri.

RANARMU DA ƘURARMU

Abubuwa biyu na ƙasarmu suna ƙara wa wannan inji wahala. Na farko zafin rana. Ƙarfin da a ke rubutawa a jikin tabain an auna shi ne a iska mai digiri 15, mu kuwa a Sakkwato da Isa da Sabon Birni cikin watan Afrilu mukan wuce 40. Iska mai digiri 45 ta fi mai 15 rashin nauyi da wajen kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin inji kuwa yakan faɗi fiye da haka, ga shi iskar tsaron bango ta taso da ɗumi tun daga ƙofa. Maganin da a ke yi a tashoshin lantarki shi ne a bi da iskar ta cikin jiƙaƙƙen raga kafin ta shiga, ruwa ya bushe ya tafi da zafi. Wannan ita ce hikimar randa, ita ce kuma wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi aiki da ita a tukunyarsa cikin tukunya ta adana kayan lambu, har ya sami lambar Rolex cikin 2000. Ta fi ci a inda iska ta bushe, kamar wajenmu.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta. Hujin da bai kai milimita ba, ƙura kaɗan ta isa ta toshe shi, inda ya toshe kuwa riga ta yage. Bugu da ƙari, ƙura tana narkewa a wajen digiri 1,200, ta zama kamar gilashi, ta tsotsu cikin yaɓen zirkoniya, in inji ya huce sai yaɓen ya ɓamɓare. An ga iyakar wannan cikin Yuni 1982, sa'ad da wani Boeing 747 ya shiga tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya, injunansa huɗu duka suka mutu, sai da ya yi ƙasa ƙwarai kafin suka sake tashi ya sauka Jakarta lafiya. Tashar ƙasa tana da matatar iska a gaba, muddin ana sauya ta a kan kari.

Wannan magana ta shafe mu ko ba mu hau jirgi ba. Ban da madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, mafi yawan lantarkin Nijeriya daga iskar gas ya ke fitowa, kuma tashoshi kamar Afam da Ughelli da Geregu da Omotosho duk tabain ne. A Arewa an ba da kwangilar tasha mai megawat 38 a Sakkwato cikin 2008, da mai 215 a Kudenda ta Kaduna cikin 2009, dukansu suka sha jinkiri na shekaru. An buɗe ta Maiduguri mai megawat 50 cikin 2023, an kuma fara shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano cikin 2020. Ke nan injunan suna matsowa kusa da mu, da ranarmu da ƙurarmu za su zauna. Akwai ma abin da ya kamata kowa ya sani: in layin wuta ya yanke farat ɗaya inji yana tsakiyar aiki, bangonsa kan huce ba shiri, har masu ƙira kan lissafa wannan tsayawa guda kamar an ta da shi sau takwas. Wanda ya sare turken lantarki ko ya saci waya, ba duhun dare ɗaya kaɗai ya jawo ba, ya rage kwanan injin da ke can ɗaruruwan mil daga gare shi.

ABIN DA YA RAGE GA MALAMAI

Na san halin da makarantun ƙasar Isa da Sabon Birni ke ciki a shekarun nan na rashin tsaro, na san kuma da yawansu ba su da ɗakin gwaji ko lantarki. Amma duk abin da na zana a sama ana iya nuna tushensa da kayan da ke cikin gari. A naɗe takarda mai kauri kamar mazubi, a cika ta da ruwa, a riƙe bisa kyandir, yara za su ga ba ta ci wuta ba, don ruwan da ke bayanta yana kwashe zafin. A kunna fitilar ƙwai, a toshe hujin gindinta da tsumma na ɗan lokaci, su ga harshe ya yi ja, ƙwai ya yi baƙi. A ajiye ruwa cikin randa da cikin bokitin ƙarfe a inuwa guda, a gwada su da azahar. A kai aji maƙera, a tambaye su ta wace ƙofa zafi ya isa hannun maƙeri, ta wace ya isa fuskarsa. Malami ya tsaya a kansu da kansa duk lokacin da a ke wasa da wuta.

Ku kuma akawuna da ke rubuta takardun sayen kaya, in kun ga an nemi kuɗin matatar iska ko na duba inji, ko da na janaretan asibiti ne, kada ku ɗauke shi abin da za a ɗage sai baɗi. Kuɗin matata kaɗan ne in an gwada da na sabon inji.

Kashegari kafin in bar Turba na koma maƙera, na ari risho a maƙwabta, na zare bututunsa na nuna wa yaron nan hujin, na gaya masa abin da na gaya muku a taƙaice. Ya juya shi a hannu, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "To, Malam, in ƙura ta toshe na jirgi yana sama, wa zai share?" Na ce masa mutane suna nan suna neman amsar wannan har yanzu, kuma ba a ce sai daga wata ƙasa mai samo ta zai fito ba. Malaminsa ya yi alkawari zai yi gwajin takarda da ruwa a aji cikin makon nan, ni kuma zan tambaya in na komo rangadi.